KAFIN KA BARI A TAƁA SAITIN INJIN MOTARKA

Muna da wani maƙwabci, malamin makaranta ne, 'ya'yansa huɗu. Ya yi shekaru yana tari, sa'an nan ya sayi mota 'yar Kwatano, ƙirar Toyota. Shekara guda cur yana jin daɗinta. Ran nan sai ya ga ta soma nauyi in ta zo hawa, ga kuma shan mai. Ya kai ta gareji. Bakanike ya shiga ƙarƙashi, ya bubbuga salansa, ya fito yana share hannu, ya ce, "Malam, ai indomi ne ya toshe. Bari mu fitar da shi, za ka ga yadda za ta riƙa tashi."

Indomi, ga wanda bai sani ba, shi ne sunan da makanikai suka ba tukunyar nan da ke cikin salansa, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wadda ta ke tace hayaƙi kafin ya fita. Aka fasa, aka zazzage. Motar kuwa ta tashi, ba ƙarya. Amma bayan 'yan kwanaki sai fitilu uku suka kunnu a gaban direba. Ɗaya mai hoton inji, ɗaya an rubuta VSC, ɗayar kuma TRAC OFF. Ya koma gareji. Aka ce masa, "Kada ka damu, Malam, fitila ce kawai. In tana damunka da dare sai mu liƙe ta da baƙin tef."

Haka ya yi damina guda yana yawo da iyalinsa. Sau biyu ya sauka Hawan Kibo da su cikin ruwan sama, a kan hanyarsu daga Jos zuwa Akwanga. Babu abin da ya same su. Amma duk wannan lokaci abin da aka sa cikin motar domin ya tare ta in ta nemi ƙwacewa a kwana, a kashe ya ke, shi kuwa bai sani ba. Da ya gane, tambayar da ya yi mana ita ce, "To, me ya haɗa salansa da birki?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta shafi duk wanda a ke ba shawara ya sauya saitin injinsa, ko domin gudu, ko domin tsimin mai, ko domin a huta da wata fitila.

ABIN DA VSC TA KE YI

Mota duk girmanta, wuri huɗu kaɗai ta ke taɓa ƙasa, kowane wuri kuwa bai fi tafin hannun babban mutum ba. Ta waɗannan wurare huɗu ne mota ta ke tafiya, ta ke tsayawa, ta ke shan kwana. Riƙon da taya ta ke yi wa kwalta kamar kuɗin cefane ne. Jaka ɗaya ce. In aka kashe da yawa a kan nama, na miya ya ragu. In direba ya kashe riƙon taya wajen taka totur, ko wajen taka birki, abin da ya rage na shan kwana ya ragu ke nan. In ruwa ya sauka, ko yashi ya hau kwalta, jakar ce gaba ɗaya ta ke ƙanƙancewa.

Sa'ad da riƙon ya ƙare, mota ta kan ƙwace iri biyu. Wani lokaci gaba ne ya ke ƙi, ka murɗa sitiyari amma mota ta miƙe sak zuwa daji. Wani lokaci kuma baya ne ya ke zamewa, motar ta juya kamar za ta dubi inda ta fito. Na biyun ya fi muni, gama mota in ta tafi a karkace ta bugi gefen hanya, daga nan sai adungure.

Na'urar da Toyota ta ke kira VSC, Mercedes-Benz da Volkswagen suna kiranta ESP, Honda ta ce VSA, BMW kuma DSC. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne. Kwamfuta ce ƙarama wadda ta ke zaune tare da famfon birkin ABS. A nan za mu riƙa ce da ita kwamfutar birki. Tana da 'yan leƙen asiri a jikin mota. Kowace taya tana da abin da ke ƙirga juyawarta. Akwai wani a sandar sitiyari, mai faɗin inda direba ya nufa. Akwai wani kuma kusa da tsakiyar mota, mai faɗin yadda jikin motar ya ke juyawa da yadda ya ke jan gefe. Kamfanin Bosch ya ce tasa na'urar sau 25 ta ke gwada waɗannan biyu cikin daƙiƙa ɗaya, watau inda direba ya nufa da inda mota ta nufa. In suka saɓa, sai ta sa hannu.

Yadda ta ke sa hannu abin sha'awa ne. Direba ƙafa ɗaya gare shi a kan birki, in ya taka, tayoyi huɗu ne su ke kamawa. Ita kuwa ta kan kama taya ɗaya tak. Duk wanda ya taɓa tura amalanke ya san in ƙafa ɗaya ta ci karo da dutse, amalanken ya kan juya ta wajen dutsen. To, in kana shan kwana ta hagu baya ya zame, sai ta kama tayar gaba ta dama, motar ta miƙe. In gaba ne ya ƙi juyawa, sai ta kama tayar baya ta hagu, hancin motar ya shiga kwana. Sau da yawa direba ba ya sanin an taimake shi, sai dai ya ga wata 'yar fitila mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa tana ƙiftawa.

Ba jiya aka fara ba. Birkin ABS na zamani ya fito a 1978 a manyan motocin Mercedes-Benz. Injiniyoyin Bosch, a ƙarƙashin wani mutumin Holan mai suna Anton van Zanten, suka yi aiki tare da na Mercedes har ESP ta fito a 1995. A shekarar ce kuma Toyota ta fito da VSC. Da fari kayan masu kuɗi ne. Abin da ya sauko da ita ga talaka wani abin kunya ne da ya faru a ƙasar Suwidin a watan Oktoba na 1997. Wani ɗan jarida na mujallar motoci, Robert Collin, yana gwada sabuwar ƙaramar Mercedes A-Class, irin gwajin da a ke yi kamar dabba ta faɗo kan hanya ka kauce ka koma hannunka. Gudun bai wuce wajen kilomita 60 a awa ba, sai motar ta kife. Kamfanin ya tsai da sayarwa, ya gyara ƙafafun motar, ya sa ESP a kowace ɗaya. Sauran kamfanoni suka bi sahu.

Daga baya lissafi ya nuna amfaninta. A 2006 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka su ke riƙe da ita, ta ba da rahoto cewa na'urar ta rage haɗarin mutuwa na mota ɗaya, watau wanda mota ta ƙwace ita kaɗai ba tare da karo da wata ba, da kashi 56 cikin 100. Da aka sāke ƙirgawa bayan 'yan shekaru da motoci masu yawa, sai ya tsaya wajen rabi. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci sababbi daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Tun da shi ke yawancin motocin da a ke shigowa da su ƙasashenmu tsofaffin motocin can ne, mutane da yawa suna da ita a ƙofar gida ba su sani ba.

HANNU NA BIYU

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da waɗansu makanikai, shi ne kwamfutar birki hannu biyu gare ta. Ɗaya a kan birki, ɗaya a kan inji. Babu amfani ta kama taya alhali inji yana ta tura wannan tayar da dukan ƙarfinsa, kamar mutum ya riƙe linzami wani kuma yana zabga wa doki bulala. Saboda haka duk sa'ad da ta ga zamewa, sai ta aika wa kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira birenbos, ta ce a rage ƙarfi.

Ta waya su ke magana. Wayoyi biyu ne a murɗe da juna, su ke zagaye mota, kowace kwamfuta ta rataya a jikinsu. Sunan tsarin CAN, Bosch ne ya bayyana shi a 1986. Abin da su ke magana a kai kuwa shi ne ƙarfin murɗawa, watau ƙarfin da inji ya ke murɗa sandarsa da shi, kamar yadda hannu ya ke murɗa sifana. Ma'auninsa niyutan-mita. Sau da yawa cikin kowace daƙiƙa kwamfutar inji tana shela a kan wayar: ga abin da direba ya nema, ga abin da na ke bayarwa yanzu, ga abin da injin da kansa ya ke ci. Kwamfutar birki tana saurare. In ta bukata sai ta ce, "Sauko zuwa kaza." Kuma maganarta tana gaba da ƙafar direba.

A nan akwai abin lura, kuma a kansa ne dukan zancenmu ya rataya. A motocin yau da kullum babu wani ma'auni a jikin inji da ke auna ƙarfin murɗawa kai tsaye. Kwamfutar inji lissafa shi ta ke yi. Tana duban yawan iskar da ta shiga, da yawan man da aka fesa, da lokacin da fulogi ya ba da wuta, da saurin juyawar inji, sa'an nan ta duba jadawalin da aka rubuta mata a masana'anta, ta fitar da adadi. In jadawalin daidai ne, kuma masu kawo mata labari ba su yi ƙarya ba, adadin gaskiya ne. In ba haka ba, ƙarya za ta yi shela da zuciya ɗaya, ita kanta ba ta sani ba.

Hanya biyu ta ke bi ta rage ƙarfi. Mai sauri ita ce ta jinkirta wutar fulogi, ko ta hana waɗansu silinda mai. Inji mai silinda huɗu in yana juyi 3,000 a minti, sau 100 ya ke ba da wuta a daƙiƙa, saboda haka umurnin ya kan ci tun daga wuta ta gaba. Mai jinkiri kuma ita ce ta rufe maƙogwaron iska, gama a motocin yanzu ba waya ce ta haɗa totur da maƙogwaro ba, lantarki ne. Wannan ya kan ɗan ɗauki lokaci, sai iskar da ta riga ta shiga ta ƙare. Injin dizal ba shi da fulogin wuta, shi mai kawai a ke rage masa. Me ya sa a ke damuwa da ɗan wannan lokaci? Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Rabin daƙiƙa ya fi tsawon babbar bas.

Wani abin mamaki, ba kullum ragewa ta ke nema ba. In direba ya ɗauke ƙafa daga totur farat ɗaya a kan santsi, ko ya sauko giya da gaggawa, inji ya kan ja tayoyi baya har su zame. A nan kwamfutar birki ƙari ta ke roƙo, ɗan kaɗan, don tayoyin su ci gaba da juyawa daidai da hanya.

Duk wannan ba a rana ɗaya a ke daidaita shi ba. Kowace shekara da sanyi kamfanonin motoci su kan kwashi sababbin ƙira zuwa Arjeplog a arewacin Suwidin, inda tafkuna su ke daskarewa, su yi makonni suna zamewa a kan ƙanƙara da gangan, suna gyara lambobi. Abin da su ke daidaitawa na wannan inji ne, da wannan giya, da wannan nauyi, da wannan girman taya.

Ko masu ƙirar ma su kan yi kuskure. A watan Afrilu na 2010 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada sabuwar Lexus GX 460. Direba ya shiga kwana da gudu ya ɗauke ƙafa daga totur, abin da kowannenmu zai yi in ya ga kwana ta fi yadda ya zata. Bayan motar ya zame har ta kusa tsayawa a gicciye kafin VSC ta sa hannu. Mujallar ta ce kada a saya. Toyota ta tsai da sayarwa, ta kira motocin. Maganin da aka yi musu sabon rubutu ne a cikin kwamfutar VSC. Watan gaba mujallar ta sāke gwadawa ta janye maganarta. Mun kawo wannan labari domin mai karatu ya ga cewa 'yan lambobi ne tsakanin motar da ta miƙe da wadda ta juya.

MASU ƘARA WA INJI ƘARFI

Yanzu mu zo ga saiti. A dā, zamanin kabreta, bakanike da sukundireba ya ke saita inji, yana kasa kunne. Yanzu da kwamfutar cinya a ke yi, a jona ta a wata 'yar kafa ƙarƙashin sitiyari, a kwafe rubutun da ke cikin birenbos, a sauya lambobi, a mayar. Injin da ke da turbo, watau fankar da hayaƙi ke juyawa tana cusa iska, ya kan ba da ƙarin kashi 20 ko 30 cikin 100 ta wannan hanya. Injin da ba shi da turbo, irin na yawancin Corolla da Camry da ke kan hanyoyinmu, ɗan kaɗan ne a ke samu, wanda da ƙyar direba zai ji. Wannan kaɗai ya isa mai irin waɗannan motoci ya riƙe kuɗinsa.

Mai saiti wanda ya san aikinsa, in ya ƙara iska da mai, ya kan gyara jadawalin lissafi ma, domin kwamfutar inji ta ci gaba da faɗin gaskiya. Ya kan bar ƙofar umurni a buɗe, in kwamfutar birki ta ce a rage, a rage. Irin wannan ba mu da babbar magana a kansa, sai dai abu ɗaya: tayoyin nan huɗu ba su ƙaru ba. Jakar cefane tana nan yadda ta ke, mai kashewa ne ya ƙara hannu. Masana'anta ta kan taƙaita ƙarfi da gangan a giya ta ɗaya da ta biyu, musamman a motar da tayoyin gaba ke ja, gama su ne kuma ke shan kwana. Masu saiti da yawa wannan iyaka su ke fara ɗagawa, don ita ce ke sa mai mota ya ji an yi masa aiki. Sakamakon shi ne fitilar zamewa ta riƙa ƙiftawa a mahaɗar da dā ba ta ƙiftawa, birki kuma ya riƙa aikin da ba a nufe shi da shi kullum ba.

Wanda ya fi damunmu shi ne ɗan akwatin da a ke jonawa tsakanin inji da kwamfutarsa. An fi sa shi a motocin dizal da masu turbo. Ba ya taɓa rubutun birenbos. Aikinsa ƙarya ne tsagwaronta. Ma'auni ya ce matsin mai ko na iska ya kai kaza, akwatin ya tare saƙon ya rage shi. Kwamfutar inji ta ga kamar bai kai ba, sai ta ƙara. Ƙarfi ya ƙaru, amma ita a lissafinta babu abin da ya sauya.

Bari mu yi misali da lambobin da muka ɗauka don bayani kawai. A ce inji yana ba da niyutan-mita 250 daga masana'anta. Da akwatin ya koma 320, amma a kan waya 250 a ke shela. Ana cikin kwana, ruwa ya jiƙa kwalta, tayoyi suka soma zamewa. Kwamfutar birki ta yi lissafinta ta ce a sauko zuwa 100. Kwamfutar inji ta sauko zuwa abin da ta ke tsammani 100 ne, alhali abin da ya isa tayoyi ya haura haka. Zamewa ba ta tsaya ba. Sai an sāke aikawa, an sāke ragewa.

Kada mu yi ƙari a kan gaskiya. Na'urar ba ta makance ba. 'Yan leƙen asirinta na tayoyi da na sitiyari suna nan, tana ganin zamewar, za ta ci gaba da matsawa har ta ƙare, kuma birki yana hannunta. A busasshiyar kwalta mai yiwuwa direba ba zai taɓa jin bambanci ba. Amma abin da za ta yi da taɓawa ɗaya mai laushi, yanzu sai ta yi shi da fizga biyu ko uku, a makare. A ranar da aka fi bukatarta kuwa, ranar ruwan farko, sa'ad da ƙura da man da suka kwanta a kwalta duk rani suka zama kamar sabulu, wannan ɗan jinkirin mitoci ne na hanya. Giya mai canza kanta ma da wannan adadin ta ke aiki, da shi ta ke sanin yadda za ta matse kulocinta. In an faɗa mata ƙasa da gaskiya sai ta matse da sauƙi, faifan su riƙa zamewa suna ci. Wannan wani kashe kuɗi ne dabam.

Akwai kuma wani akwatin da a ke jonawa a totur. Shi ba ya ƙara wa inji kome. In ka taka kaɗan sai ya ce ka taka da yawa. Mota ta riƙa zabura, mai ita ya ce ta ƙara ƙarfi. Wannan bai ruɗe lissafin ƙarfin murɗawa ba, kwamfutar birki tana jin gaskiya. Direba ne ya rasa wurin lallaɓawa. A kan laka ko tsakuwa, inda a ke so ƙafa ta yi sannu kamar mai taka ƙwai, sai ya zama taɓawa kaɗan ta yi yawa. Maɓallin gudu da masana'anta ta ke sa wa waɗansu motoci ma yana zaburar da totur, amma shi an gwada shi tare da sauran na'urorin motar.

Mafi muni duka shi ne wanda ya ke toshe ƙofar umurni. Masu tseren mota ba sa son kwamfuta ta rage musu ƙarfi a tsakiyar kwana, don haka akwai saitin da ke sa kwamfutar inji ta yi kunnen uwar shegu da roƙon kwamfutar birki, ko ta amsa kaɗan. A filin tsere, da hular kwano, da shinge, da motar asibiti a gefe, wannan sha'aninsu ne. Matsalar ita ce rubutun saiti yawo ya ke yi a intanet, ana saye ana kwafa, kuma mai zuba maka shi sau da yawa bai san abin da ke ciki ba. A motar da uwargida za ta kai yara makaranta, ba mu ga hujjar da za ta sa a yarda da wannan ba.

KOMAWA GAREJINMU

A gaskiya masu neman gudu kaɗan ne a cikinmu. Abin da ya fi yawa shi ne irin na maƙwabcinmu, sauyin da ba wanda ya kira shi saiti. An cire indomi. An cire wani ma'aunin iska aka bar wayarsa tana reto. Inji ya buga, aka sayo wani na Beljiyam aka ɗora, da birenbos na wata ƙirar ko wata shekarar, wanda ba ya jin yaren kwamfutar birkin da ke cikin motar.

Ga abin da ya haɗa salansa da birki. Akwai ma'aunin hayaƙi kafin indomi, akwai wani bayansa. Kwamfutar inji tana gwada su biyun. In an zazzage indomi, sai su riƙa faɗin abu ɗaya, ta gane ba a tace kome, ta rubuta lambar laifi P0420, ta kunna fitilar inji. A motocin Toyota da Lexus da yawa, musamman na shekarun 2000, an tsara cewa da zarar fitilar inji ta kunnu, VSC da mai hana tayoyi juyawa a banza su janye hannu, su kunna nasu fitilun. Dalilin a fili ya ke. In abokin aikinka ya ce ba shi da lafiya, ba za ka dogara da lissafinsa a kan abin da ya shafi rai ba. Birki na yau da kullum yana nan, ABS ma yawanci yana nan, shi ya sa direba ba ya jin wani bambanci. Mai tare kwana ne ya tafi.

Saboda haka fitilar VSC da ta kunnu ta zauna dabam ta ke da wadda ke ƙiftawa. Mai ƙiftawa tana cewa ina aiki, rage gudu. Wadda ta zauna tana cewa ba na nan. Mai sayen tsohuwar mota ya murɗa makulli ba tare da ya ta da inji ba, ya duba. Ya kamata fitilar inji da ta ABS da ta zamewa duk su kunnu, sa'an nan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kunnu ba sam, a bincika, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an liƙe ta.

Ba muna zargin makanikai ba ne. Yawancinsu sun koyi aiki a kan Peugeot 504 da ire-irenta, motocin da inji bai san da zaman birki ba, kuma sun riƙe ƙasar nan da sifana da basira. Motar ce ta sauya a hannunsu. Mai mota shi ya kamata ya yi tambaya kafin a taɓa. Wannan aikin zai kunna fitilar inji? Bayan an gama, adadin ƙarfin da kwamfuta ke nunawa zai yi daidai da na gaske? An taɓa wurin da VSC ke ba da umurni? An ajiye rubutun asali, in na so a mayar? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da fushi ba, ya nuna maka a fuskar na'urarsa. In ya ce maka waɗannan ba su da muhimmanci, ka ɗauki makullinka.

Maƙwabcin namu dai daga baya ya sami mai na'urar bincike, aka jona, lambar P0420 ta fito. Aka kuma gano cewa tun farko fulogi biyu ne suka mutu, ɗanyen man da ba ya ƙonewa shi ya bi salansa ya narkar da indomin har ya toshe. Ya sayi fulogi huɗu, ya sayi wani indomi na hannu, kuɗin ya kusa cinye albashinsa na wata. Aka share lambar, aka zagaya gari da motar, fitilu ukun ba su dawo ba. Uwargidansa ce ta ɓanɓare baƙin tef ɗin da farcenta.